Tara Cikin Arba'in

Duk wanda ya taɓa mallakar kwamfutar tebur a Karaye ya san Lurwanu, ko da bai san sunansa na yanka ba, don Injiniya kowa ke ce masa. Shekara goma sha ɗaya yana gyara a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma a faɗi gaskiya ya iya aikinsa. Kwamfutar da ta sha zafi ta ƙi tashi, in ta shiga hannunsa sai ta tashi. Aibinsa ɗaya ne, yana son a yaba masa, in kuwa aka yi jinkiri sai ya yi da kansa.

Abin da ya fi cika baki a kai shi ne antibairos ɗin da yake saka wa mutane, wato manhajar da ke tsare kwamfuta daga bairos, cutar nan da ke bin filash tana lalata takardu. Sunanta na Turanci ya ƙi zama a bakin mutane, sai suka raɗa mata Mai Kore, saboda koriyar alamar da take nunawa a ƙasan fuskar kwamfuta, alamar cewa komai lafiya. Sauran masu gyara in sun saka tasu, bayan wata guda sai ta koma ja ta fara neman a sayi lasisi. Ta Lurwanu ba ta taɓa yin ja ba.

Sirrin ba wani babba ba ne. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, shi ke riƙe mata kwanan wata. Lurwanu sai ya cire shi kafin ya saka manhajar. Daga nan duk lokacin da aka kashe kwamfutar aka kunna, sai ta koma ɗaya ga Janairun wata tsohuwar shekara, Mai Kore kuma ta zaci yau aka saka ta, watan kyautarta bai ko fara ba. Don haka rabin kwamfutocin Karaye da Rogo kullum a ranar sabuwar shekara suke wayar gari. Shi dai Lurwanu tsakaninsa da Allah ya yarda cewa tunda alamar koriya ce, aiki na tafiya.

Ana nan sai abu ya sami Malam Badaru na Gwangwan. Malami ne mai makaranta da ɗalibai a gidansa, mahaifinsa kuma ya bar masa tarin bayanan fiƙihu da ya rubuta da ajami. Shekara uku Malam yana mayar da su cikin kwamfuta da yatsu biyu, shafi bayan shafi. Wata rana ya kai filash wani shagon buga takardu a Rogo, ya dawo ya soka a tasa, washegari takardun suka ƙi buɗuwa. Alamar Mai Koren da Lurwanu ya saka masa kuwa tana nan koriya shar. Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa Ikrima, mai gyara a Rogo, wanda dama ba sa ga maciji da Lurwanu. Ikrima ya ceto kashi biyu cikin uku, ragowar ya tafi, sannan ya tabbatar babu wanda bai ji labari ba.

Ranar taron ƙungiyar masu shagunan kwamfuta na Karaye da Rogo, sai ga Malam da kansa. Aka miƙe aka gaishe shi, aka ba shi kujera.

"Ni ba ƙara na kawo ba," in ji shi. "Tambaya na zo yi. Wacce zan saka a kwamfutata in kwana da kwanciyar hankali?"

Nan fa wuri ya kaure. Mutum biyar, kowa ya ce tasa. Lurwanu ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa ƙaddara ce kawai, ko likita ma yakan yi rashin lafiya. Malam ya bar su suka gaji, sannan ya ce, "Mu a wajenmu in mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba shi yake duba wa kansa ba. Ba ku da wanda ya san abin nan amma ba ya saka wa kowa?"

Akwai mutum ɗaya, kuma kowa ya san ta. Radiya ce, malamar kwamfuta a makarantar sakandaren 'yan mata, ƙanwar Lurwanu uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka ambaci sunanta bakin Lurwanu har kunne. Ikrima kuwa ya daka tsalle ya ce wannan ai raba gardama ne a cikin gida, shi bai yarda ba.

Aka aika aka kira ta. Ta zo ta durƙusa ta gaida Malam, ta saurari kowa, sannan ta yi magana a hankali, yadda ta saba. Wani ya ce ai a intanet akwai masu gwada irin waɗannan manhajoji a ƙasashen waje, a duba nasu kawai. Ta ce aikinsu mai kyau ne, tana karantawa, amma su sababbin kwamfutoci suke gwadawa waɗanda ke kan intanet dare da rana. "Mu namu tsofaffi ne, wata ma ba ta taɓa ganin intanet ba, cutarmu kuma a filash take yawo. Da cutarmu ya kamata a gwada, kuma kowa ya saka tasa daidai yadda yake saka wa mutane."

Ta zayyana yadda za a yi. Za a sami kwamfutoci biyar iri ɗaya a ɗakin makaranta, tunda ana hutu. Za a zuba bairos guda arba'in a filash biyar masu kama ɗaya, kowa ya soka ɗaya manhajarsa ta bincika. Daga nan kowa ya fita, Malam shi kaɗai ya zare su, ya ɗaura wa kowanne zare mai launi daban, ya rubuta launin kowa da ajami ya ajiye a aljihunsa. Ita za ta ƙirga abin da ya rage a kowane filash ba tare da ta san na wane ne ba. Ikrima ya juya maganar ta kowace fuska bai sami inda zai kama ba, ya ce ya yarda.

Mako biyu Radiya tana bin shaguna, daga Daurar Karaye zuwa Kafin Dafga zuwa cikin Rogo, tana roƙon a ba ta aron filash ɗin da ya fi kowanne ciwo. Mutane suna ta dariya, wai ba su taɓa ganin mai yawon neman cuta ba. Lurwanu kuwa duk wanda ya shigo shagonsa sai ya ji labari. "Ƙanwata ce za ta yi alƙalanci. Ni na koya mata, tun ba ta kai tsawon teburin nan ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, masu gyaran nan biyar suka je makaranta kowa ya saka tasa. Lurwanu ya juya wa sauran baya, ya buɗe murfin kwamfutarsa, ya ɓanɓare ɗan batirin da farce ya jefa a aljihu. Babu wanda ya lura sai Radiya. Ta kulle ɗakin ta ɗaure makullin a bakin mayafinta.

Bayan la'asar Lurwanu ya biya gidansu gaida mahaifiyarsu, ya tarar ta fita barka. Radiya ce kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta koma ta zauna.

"Yaya, batirin nan da ka cire ɗazu, kowa haka kake yi masa?"

"Kowa mana. Ai shi ne sirrin. Ke ma ki iya bakinki."

"To yaushe rabon da ka sabunta ta?"

"Sabunta me? Abin da yake kore?"

Ta ajiye gyaɗar hannunta. Ta ce masa antibairos ba ta san kowace cuta ba sai wadda aka sanar da ita, shi ya sa masu ita suke aiko da sabon bayani kullum. Tasa kuwa tun shekarun baya da ya samo ta babu abin da aka ƙara mata, kuma tunda kwanan watanta ba ya motsi, ba ta ma san ta tsufa ba balle ta yi ƙorafi. "Kamar mai gadi ne, Yaya, da aka ba shi hotunan ɓarayin da. In sabon ɓarawo ya zo sai ya buɗe masa ƙofa har da sannu da zuwa."

Ba wai Lurwanu bai taɓa jin maganar sabuntawa ba, ya ji, amma ya ɗauke ta dabarar kamfani ta cin kuɗin mutane. Yanzu da ta fito daga bakin Radiya, sai rubutun Malam Badaru ya faɗo masa a rai. Ya matso da kujerarsa ya rage murya.

"Makullin yana hannunki. Minti goma kawai, da wayata zan sabunta ta. Babu wanda zai sani."

"An ce kowa ya saka yadda yake saka wa mutane."

"Radiya, ni ne fa. Shekara goma sha ɗaya ina gina sunan nan. Gobe a gaban Ikrima za ki zubar da shi? Wa ya koya miki riƙe linzamin kwamfuta?"

"Kai ne, Yaya." Idonta ya cika da ƙwalla, ba ta ɗago ba. "Wallahi da zan iya karɓar kunyar nan a kaina da na karɓa. Amma in na buɗe maka ɗakin nan, gobe ƙarya zan ƙirga a gaban Malam, kuma da ita zai koma gida ya zuba sauran rubutun babansa."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tashi bai sha ruwan ba, ya ce ashe boko haka yake mayar da yaro, ya buga ƙofa ya fita.

Asabar da hantsi ɗakin ya cika. Aka tayar da janareta, kowa ya soka filash ɗinsa. Kwamfutar Ikrima sai ƙara take tana kama abu, haka ta Sa'adiya, wata mai ɗan shagon buga takardu a Kafin Dafga wadda ba a cika jin muryarta a taro ba. Ta Lurwanu ta yi 'yar ƙara kaɗan ta yi shiru, ta nuna alamarta koriya. Ya tsaya ya rufe fuskar kwamfutar da jikinsa kamar mai gyaran waya. Da aka gama kowa ya fita, Malam ya shiga da zarensa ya ja ƙofa.

Radiya ta zauna a gaban wata kwamfuta ta daban, mai tsarin da bairos ɗin ba ya iya motsi a kai, ta fara ƙirga a bayyane kowa yana gani. Jan zare ya kama talatin da ɗaya. Baƙi ashirin da takwas. Fari talatin da shida, har aka yi tafi. Rawaya talatin da uku. Da ta soka mai shuɗin zare sai ta daɗe tana kallo, ta sake ƙirgawa tun daga farko da yatsa a kan gilashi, sannan ta ce, "Shuɗi, tara cikin arba'in."

Malam ya zaro takardarsa ya gyara tabarau. Fari na Sa'adiya ne, wadda ashe duk ranar kasuwa take sauke sabon bayani a wayarta ta bi kwamfutocin da ta saka wa. Ja na Ikrima. Ya karanta sauran biyun, sannan ya ce, "Shuɗi, Injiniya Lurwanu."

Lurwanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana jiran dariyar Ikrima, sai ya ji abin da bai zata ba. Ko tausayi ne ya kama Ikrima, ko kuwa talatin da ɗayansa ce ta sanyaya masa jiki, Allah kaɗai ya sani.

"Jama'a, a yi adalci," in ji Ikrima. "Wannan ba laifin Injiniya ba ne. Kamfani ne ya cuce shi, ya cuce mu baki ɗaya. Malama, rubuta kawai, Mai Kore ba ta da amfani, kowa ya guje ta."

Aka ce haka ne, haka ne. Har wani ya dafa kafaɗar Lurwanu yana ba shi haƙuri. Hanya ce aka buɗe masa mai faɗi, babu abin da zai yi sai ya gyaɗa kai ya tsine wa Turawan da bai taɓa gani ba, ranar Litinin ya koma shagonsa da sunansa.

Ya dubi Radiya. Biro na hannunta a kan takarda, ba ta rubuta komai ba. "Ni adadi na ƙirga," ta ce. "Dalilin kuwa..." Sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai.

Nan ya gane halin da take ciki. Ba za ta rubuta abin da ta san ba haka yake ba, ko da duk ɗakin ya taru a kanta. Kuma ba za ta buɗe baki ta tona asirin yayanta a gaban maza ba. Haka za ta zauna da biron nan har a fara cewa ta kasa, ko a ce tana rufa wa wani asiri. Jiya ya roƙe ta da duk abin da ke tsakaninsu ta ƙi, yau kuma ga ta tana kare shi da shirunta. Fushin da ya kwana da shi ya neme shi ya rasa. Abin da ya cika masa ƙirji alfahari ne, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da ya buɗe shago. Yarinyar nan daga gidansu ta fito.

Ya miƙe, ya sa hannu a aljihu, ya ajiye ɗan batirin a kan tebur.

"Allah gafarta Malam, jama'a, kada a ɗora wa kamfani. Ga dalilin nan."

Ya faɗi komai, yadda yake cire batir, da yadda bai taɓa sabunta manhajar ba ko sau ɗaya. Har roƙon da ya yi wa Radiya jiya sai da ya faɗa, da amsar da ta ba shi, duk da babu wanda ya tambaye shi. Sannan ya juya gare ta, karo na farko a rayuwarsa ya kira ta da sunan aikinta.

"Malama, a mayar da batirin, a gyara kwanan wata, a sauko da sabuwarta. Ki sake gwadawa kowa ya gani."

Aka yi haka. Ta sauke sabuwar Mai Kore ta wayarta, aka sake zuba cutar nan arba'in a filash, aka jira. Ta kama talatin da bakwai, ta wuce ta kowa. Da wannan babu sauran inda Lurwanu zai laɓe, manhajar lafiyarta ƙalau, hannun da ya saka ta ne.

Ya je gaban Malam Badaru ya durƙusa. "Rubutun mahaifinka da ya ɓata, ni ne sila. Ka yafe mini."

Malam ya dube shi ya ce, "Shekara guda ta aikina ce ta tafi, ba zan ce maka ban ji ciwo ba. Amma takardun asali suna nan a adaka, yatsuna biyu ma suna nan. Na yafe. Litinin ka zo Gwangwan ka mayar mini da batirina, na gaji da zama a Janairu."

Aka kwashe da dariya, har da Radiya tana share ido da bakin mayafi.

Abin bai tafi a banza ba. Mako uku Lurwanu yana kan babur da gwangwanin batira, yana bi gida gida da shago shago yana mayarwa, yana nuna wa mutane yadda ake sabuntawa. Wasu sun karɓe shi da fara'a, wasu sun faɗa masa maganar da ba ya son tunawa, da yawa kuma sun koma wajen Sa'adiya ba su dawo ba. Ya ji zafin wannan, ba ƙarya.

Radiya ta buga sakamakon a takarda ɗaya aka rarraba wa 'yan ƙungiya. Layi shida ne. Na sama ya ce Mai Kore da aka sabunta, talatin da bakwai. Na can ƙasa ya ce Mai Kore yadda Lurwanu yake saka ta, tara. Ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Sauran masu shaguna kowa ya jefa tasa a aljihun tebur. Lurwanu ya kai tasa aka lulluɓe ta da leda don kada ruwa ya taɓa, ya manna a ƙofar shagonsa daidai tsayin ido.

Wata ranar kasuwa wani malamin firamare daga Rogo ya zo da kwamfuta ɗaure a bayan babur. Ya tsaya ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya dubi Lurwanu, ya sake duban takardar.

"Injiniya, wannan na ƙarshen ba sunanka ba ne?"

"Sunana ne."

"Yo kai kuma sai ka manna abin kunyarka a ƙofar shagonka?"

Lurwanu ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ɗora yatsa a kan sa hannun da ke ƙasan takardar.

"Karanta nan. Ƙanwata ce ta yi gwajin, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni da bakina na roƙe ta, ko ni ba ta ɗaga wa ƙafa ba. Kawo kwamfutar mu gani."